Na Ce wa Hadiza Ya Yi

Laraba da dare, Aliero

Farfesa ya amsa imel ɗina yau, ya yarda ya kula da aikina na kammala karatu. Hadiza kuwa bai amsa nata ba.

Ranar da muka tafi kafe na intanet a Jega, ta nuna mini nata kafin ta tura, ta ce, "Ƙawata, duba mini." Na ga ba gaisuwa, ga sunan Farfesa ta rubuta ba daidai ba. Na san gurbi ɗaya ya rage masa. Na ce mata, "Ya yi."

Ɗazu ta rungume ni tana taya ni murna, har ta sayo mana tsire. Na kasa ci, na ce cikina ke ciwo. Baiwar Allah ta tashi ta dafa mini shayi.