Doka ta Bakwai da Kwatar Inna

Ƙofar Kwaya, Katsina
14 ga Afrilu

Zuwa ga abokina Yohanna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Deborah da yara, da sanyin Jos. Mu nan ban da zafi lafiya lau. A takarda na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na turo maka, don ka san ni da waya, yatsana yakan faɗi abin da ban yi niyya ba.

Ka tuna kwatar da ta bi ta bayan ɗakin Inna a Ƙofar Marusa, wadda muke tsallakewa in za mu makaranta? Leda ta toshe ta. Bara ruwa ya kwanta a gindin bangon kwana uku, bangon kuma na ƙasa ne, ya tsage tun daga taga har ƙasa. Magini ya ce in ya sake shan ruwa irin wannan, a fitar da Inna. Inna ta ce a ɗakin aka kawo ta amarya, a cikinsa za a yi mata wankan ƙarshe.

Don haka na shirya gayya. Na rubuta cewa a fito bola ranar Asabar, na ba Mamman maƙwabcina mai shagon caji ya watsa a waya. Wurin bugawa ya yar da harafin ƙarshe, ta koma a fito bol. Ranar Asabar na tarar da mutum arba'in da uku cikin jesi da takalman ƙwallo, rabi 'yan Kwaya rabi 'yan Marusa, ɗaya har da usur. Kunya ta hana ni faɗa masu gaskiya. Na ce ai wasa ne, sai dai sabo: kowace unguwa ta ɗauki buhuna, minti arba'in da biyar, wadda shararta ta fi nauyi a sikeli ita ta ci. Yohanna, ban taɓa ganin magidanta na gudu suna ƙwace wa juna gwangwani ba sai ranar. Kwaya ta ci, Marusa ta ce sai an sake.

Sun naɗa ni alƙali. Na tsara dokoki goma sha ɗaya, na haɗo maka hotonsu. Na duba littafina na kullum, na ga sau huɗu a mako ɗaya na rubuta cewa anya ban yaudari mutane ba. Kai me ka gani?

Ka huta lafiya.
Naka,
Nu'uman

Jos
22 ga Afrilu

Mai girma Alƙalin Bola,

Ranka ya daɗe. Mun gode da gaisuwa, Deborah na amsawa. Ta yi dariya har shinkafarta ta kama.

Ba ka yaudari kowa ba. Tun muna aji uku kake neman wanda zai bi dokokinka, Allah ya kawo maka arba'in da uku a rana ɗaya. Na nuna wa matasan cocinmu hoton, sun buga da 'yan masallacin layinmu ranar Asabar. An tashi kunnen doki, an yi faɗa kan wata tsohuwar taya, kowa ya koma gida yana murna.

Na ga doka ta shida ta hana dutse da bulo, ta bakwai ta hana jiƙaƙƙiyar shara. Na rantse Mamman ne ya zuba wa buhunsa ruwa, na san hali.

Amma ka cika takarda da jesi da usur, ba ka ce mani komai kan kwatar ba. An yashe ta? Ka gaida Inna, ka ce ɗanta mai cinye ƙanzo na gaishe ta.

Yohanna

Ƙofar Kwaya, Katsina
19 ga Mayu

Zuwa ga Yohanna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Sau uku ina farawa ina yagewa, domin ka tambayi abin da nake gudu.

Ba a yashe ta ba. Ka yi gaskiya, Mamman ne ya jiƙa buhu a wasan farko, shi ya sa na kafa doka ta bakwai. Abin da ban lura ba, duk abin da ke cikin kwata jiƙaƙƙe ne. Mako shida ke nan ana wasa, titunan Kwaya da Marusa sun yi fes, har unguwar 'Yandaka ta shigo, har akwai ƙungiyar mata ƙarƙashin ƙanwarka Martha, da yake ita ba ta bar Marusa ba. Amma kowa ya zo bakin kwatar Inna sai ya tsallake ta. Da hannuna na rubuta abin da ya kare ta.

Za ka ce in soke dokar. Na gwada. Mamman ya faɗa a gaban jama'a wai alƙali zai sauya doka tsakiyar kaka saboda kwatar gyatumarsa. Ban da haka, abin ya fi ƙarfina. Hoton wasan ya zaga wayoyi. Ana bugawa a Maraɗi, ana bugawa a zangon Kumasi, wani Bakatsine ya kira ni daga Jidda yana tambayar ko kwalbar da ke da sauran lemo a ciki jiƙaƙƙiya ce. Duk suna kiransu Dokokin Nu'uman. In na ce na yi kuskure a ta bakwai, wa zai yarda da sauran goman?

Ranar Laraba na ari shebur na shiga da kaina. Na yashe kamar kamu huɗu cikin kamu sittin, bayana ya riƙe. Inna ta leƙo ta taga ta ce, “Nu'umanu, hito haka nan, kai ba a yi ka don shebur ba. Tahi ka rubuta.”

Hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma-yamma. Na sa tsinke a tsagar bangon don awo, jiya ya faɗa ciki.

Ka sa mu a addu'a.
Nu'uman

Jos
24 ga Mayu

Alƙali,

Sannu da baya. Ka shafa man zafi, ka mayar wa mai shebur kayansa.

Martha ta kira ni. Ta ce ranar da ka fito daga kwata kana dafe da ƙugu, Inna ta aika aka kira ta, ta sa ta karanta mata dokokinka daga farko har ƙarshe, sau biyu. Da aka zo ta bakwai Inna ta ce a maimaita. Tun daga ranar ba a samun tsohon kwanon rufi ko yagaggiyar tabarma a Marusa, duk an are. Martha ta ce kada in faɗa maka sauran, kuma ni ina tsoron Martha.

Shawarata, ranar Asabar mai zuwa ka ci abinci sosai kafin ka fita.

Yohanna

Ƙofar Kwaya, Katsina
2 ga Yuni

Zuwa ga Yohanna,

Ina gaishe ka da iyali. Zan faɗa maka yadda aka yi bi da bi, kamar yadda na rubuta a littafina.

An busa usur ƙarfe takwas. 'Yan Kwaya sun bazu neman shara, wadda yanzu ta yi wuya, har Mamman ya roƙi mai shayi ya ba shi ɓawon ƙwai. Matan Marusa kuwa ba su yi gudu ba. Suka shiga lungun Inna suka fito da baro bakwai. Ashe kwana tara suna yashe kwatar da sassafe, suna baza abin da suka kwaso a kan kwano da tabarmi, rana na dukansa. Ya bushe ƙamas, leda da taɓo sun haɗe sun zama curi-curi. Sikelin da ba ya wuce rabi ya kai ƙarshe.

Mamman ya ɗauki curi ɗaya ya ɗaga sama, ya ce jama'a su shaida, wannan daga kwata ya fito. Inna na zaune a kujerar da Martha ta kawo mata, ta ce ya matse shi, in ɗigo ɗaya ya fito ita da kanta za ta mayar. Ta ce shekara hamsin tana shanya, daga kuɓewa har barkono, ba wanda ya taɓa kawo ƙarar danshi. Ya matsa, ƙura ta tashi. Sai ya koma doka ta shida, ya ce to ai wannan tubali ne.

Kowa ya juyo yana kallona. In na ƙi karɓa, ba mai sake shiga kwata, ga kusan sulusinta bai yasu ba. In na karɓa, unguwar mahaifiyata ta ci unguwata da bakina, kuma a Kwaya nake kwana. Na buɗe takarda na karanta ta shida a bayyane. Na ce, “Doka ta ce dutse da bulo. Ba ta ce tubali ba.”

Ban san ko adalci na yi ba. Na san dai kafin azahar 'yan Kwaya sun yi taro sun tuɓe ni, sun karɓe usur, sun ba Mamman. Wanda ya kira daga Jidda ya sake kira ya ce ya ji labari, ya yi mani jaje.

Amma jiya Lahadi da na je gaida Inna, na tarar da 'yan Kwaya goma sha biyu cikin kwatarta har gwiwa, suna yashe sauran don shanyar wasa mai zuwa. Martha na tsaye tana cewa sata ce, wannan taɓon na Marusa ne. Mamman bai gaishe ni ba.

Ka huta lafiya.
Nu'uman, wanda ba alƙali ba

Ƙofar Kwaya, Katsina
11 ga Yuni

Yohanna,

Gaisuwa a taƙaice. Jiya bayan la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa biyu. Na tsaya a zauren Inna ina kallo. Ya bi kwatar ya wuce, bai tsaya a gindin bangon ba. Magini zai zo ranar Alhamis ya cike tsagar.

Na ce wa Inna Alhamdu lillahi, ɗaki ya tsira. Ta ce ɗaki dama ba inda za shi, abin da ya dame ta wasan Asabar ne, don taɓon kwatarta ya ƙare. Ta ji an ce ta bayan gidana a toshe take. Ta ce in tsare mata ita, kada in bari Mamman ya taɓa.

Na ce to.

Naka,
Nu'uman