Tashi na Sittin da Huɗu

Asibitin Soja, Kumilla
Afrilu, 1944

Ya Rokeyata, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gonar shinkafa, ƙamshin furen mangwaro da hantsi!

Share hawayenki, ki yayyaga takardar gwamnati da ta ce na ɓata! Ba rubutuna ne wannan ba? Tofazzal ɗinki yana raye!

Kin tuna ranar da kika raka ni bakin kogi a Chandpur, na nuna miki hoton jirginmu na sama? Kika ja gefen sarinki kika rufe dariya, kika ce, "Wannan gwangwanin? Ko akuya ba zan ɗora a kai ba!" To ki nemi gafararta, hasken raina. Tsohuwa muke ce wa jirgin nan, don sai ta yi tari uku take tashi. Sau sittin da uku ta kai bamabamai tsaunukan Arakan, Gurdial Singh yana tuƙi, ni a baya riƙe da bindiga, kuma sau sittin da uku ta dawo da mu. Hudar harsashi goma sha tara aka liƙe a jikinta, ba ta taɓa ƙin fita ba.

A na sittin da huɗu aka tura mu kan gadar da Japanawa ke tsallakowa da igwa don su murƙushe mutanenmu da suka yi wa ƙawanya. Jirage biyar suka jefa, suka kuskure. Sai Tsohuwa ta kifa kai kamar shaho. Rokeya, da idona na ga gadar ta rabe biyu, ta zube cikin ruwa! Wane mawaƙi ne zai iya wannan waƙar?

Nan Japanawa suka harbe mu, injin ya kama da wuta. Gurdial ya ƙwala mini ihu, "Kai maci kifi, riƙe da kyau! Yau za ka gaisa da danginka na cikin ruwa!" Tana ci da wuta, tana kakari, amma ba ta sake mu ba sai da ta wuce sansanin maƙiya, ta kwanta a kan yashin wani kogi. Muka rarrafo waje, muka zauna muna kallo har ta cinye. Gurdial, ƙaton nan mai gemu, ya yi kuka kamar an binne uwarsa. Ni ma na yi.

Kwana goma sha ɗaya yana goyona a daji, don ƙafata ta hagu ta karye. Yunwa, sauro, zazzaɓi, dukkansu da sunanki na kore su. Waɗanda aka yi wa ƙawanyar nan kuwa sun fita, wasunsu ga su nan kwance kusa da ni.

Likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara miƙewa ba. Za ki karɓi mai ɗingishi, ya kurciyata? Ki ce i, kafin damina ta sauka in zo in durƙusa gaban Abbanki.

Naki, da ƙafa ɗaya da rabi da zuciya sukutum, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Tofazzal