Maganin Kaska a Jikin Ɗan Muzuru

Tanut, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Zuhaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Attahir da yara, Allah ya tsare ku a Yamai. Ni dai ƙafafun sun ƙara kumbura, tansiyo kuma, wato hawan jini, na hawa yana sauka. Kunnena bai iya waya yanzu, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar ɗan muzurun nan ce mai dogon gashi, wanda kika matsa mini na saya wajen mai kiwonsu a Zinder, har da karne, wato katinsa na allura. Da farko na ce tsoho kamata me zai yi da kyanwar 'yan gayu. To ga shi tun rasuwar mahaifiyarki ban sami wanda nake magana da shi ba sai shi. Shi ke tashe ni sallar asuba, yana taka mini ƙirji.

Jiya maƙwabcina Rissa ya dawo daga Tenhya ya gan shi yana susa. Ya ce ƙuma ce, shi kuwa maganin kaska bai taɓa ba shi kunya ba, daga raƙumi har akuya. Ya ɗiga masa kaɗan a bayan wuya, ina kallo. Kafin la'asar jikin muzurun ya kama rawa, yawu na zuba, bai iya tsayuwa. Na wanke shi da sabulu, na naɗe shi a rawanina. Rissa ya ji kunya ƙwarai, ya tafi da kansa wajen Hamma likitan dabbobi. Hamma ya ce wannan magani guba ne ga kyanwa, kada a ba shi madara, zai zo yau da allura in ya taso daga Belbeji.

Zuhaira, tsoro nake ji. Yau da asuba ba wanda ya tashe ni, sai da rana ta fito na farka. Na kwanta ina sauraron gidan, shiru. Na tuna in ya tafi, ranar da ban tashi ba, ba mai ko kuka a bakin ƙofa har maƙwabta su leƙo.

Ki gaishe da Attahir, da jikana Haris, da ƙaramarku Safiya. Ku sa mu a addu'a, mu biyun.

Mahaifinki,
Mustafa

An kira magariba. Na bar ƙofa a buɗe, na shimfiɗa tabarma, Hamma bai zo ba.