Don Na Hana Lambuna Mutuwa Kuka Hana Ni Rijiya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke haƙar tsakuwa a gindin dutsen yamma da ƙauyenmu, cikin ƙasar Roni.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Sunana Sabo, na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya, yanzu lambu nake yi. Sau uku ina zuwa ofishinku na Kazaure, kullum sai a ce ka fita duba aiki. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani ya karanta ya gaya maka.

1. Ranar da kuka fara aiki, wakilinku ya tsaya a ƙofar gidan dagaci ya karanta mana sharaɗin da hukuma ta ba ku izini a kansa: duk wanda haƙarku ta janye wa ruwan ƙasa, za ku mayar masa da ruwa. Ina cikin waɗanda suka yi tafi.

2. Rijiyar lambuna mahaifina ne ya haƙa ta, gaba bakwai, ban taɓa ganin gindinta ba tun ina yaro. Da raminku ya kai ga ruwa kuka sa inji kuna zuƙewa kuna turawa rafi, sai guga ya fara fitowa da laka. A rani na biyu ya fito wayam. Na kira masu yasa suka ƙara gaba biyu, suka ci karo da dutse suka fito. A cikin watan dai rijiyar Haruna ma ta ƙafe. Haruna ɗan ƙanin mahaifina ne, shinge ɗaya ya raba lambunanmu.

3. Haruna bai wahalar da kansa ba. Ya ja ƙyauren lambu, ya hau babur ya tafi acaɓa Kazaure, awaki suka ƙarasa abin da ya rage. Ni kuwa ina da bishiya goma sha huɗu, gwaiba da lemun tsami da mangwaro, na kasa kallon su suna mutuwa. Na nemo kura da jarkoki, ina turo ruwa daga fadama sawu huɗu kullum, da furfurata. Maiɗakina Hajara ta sha ce min in bari, bayana ya fi gwaiba amfani. Ban ji ba.

4. Sai ga jami'anku biyu sun zo duba ɓarna. Na yi abin da ake yi wa baƙo: na share gindin mangwaro, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwan randa mai sanyi, na tsinko musu gwaiba cike da leda. Na gaya musu rijiyata ta ƙafe. Babban cikinsu ya yi dariya ya ce, Baba, ai duk garin nan ba mu ga lambu mai kore irin naka ba. Suka ɗauki hoton ganye suna cin gwaiba suna yabawa. Taku goma ne tsakanin tabarmar da bakin rijiya, babu wanda ya leƙa. Da suka tsallaka wajen Haruna kuwa, ƙasa a tsage, ko tambaya ba su yi ba. Aka rubuta shi a cikin waɗanda suka yi asara, ni aka rubuta cewa abin bai shafe ni ba.

5. Yanzu in faɗi abin da ke ci na, ko da za a yi min dariya. Ƙyashi nake yi, ranka ya daɗe. Kun haƙa wa Haruna rijiyar burtsatse, kun sa masa sola da tanki a kan ƙarfe, ana hango shi tun daga titi. Ya ajiye babur. Albasa da latas da tumatir sun rufe lambun da ya gudu ya bari, direbobin tifofinku ma a wajensa suke tsayawa su saya. Mutumin da ni na koya masa yayyafa irin albasa, yau samari suna yi masa kirarin Sarkin Lambu, yana ɗaga musu hannu. Ni da ban yi fashin rana ɗaya ba, ladan da na samu ciwon baya ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, Haruna bai yi min komai ba. Shi da kansa ya leƙo ta kan shinge ya ce, Yaya, ka riƙa ɗiba mana, ai ruwanmu ne. Da ya yi min rowa da na sami abin riƙewa. Amma tankin na lambu ɗaya ne, sai ya gama ban ruwa nake zuwa bayan la'asar in tatsi abin da ya rage, in kuma yi godiya. Har hanyar masallaci na sake don kada in ji ƙarar ruwa yana zuba a tankin nan. Rannan na kama kaina ina jin daɗi don gajimare ya rufe rana famfonsa ya tsaya. Na yi istigfari. Ban taɓa zama irin wannan mutumin ba, kuma jininmu ɗaya da Haruna.

Ga roƙona. Kada a taɓa rijiyar Haruna, haƙƙinsa ne. A turo wanda zai zura igiya a tawa rijiyar ya ga abin da za ta fito da shi. A tambayi masu yasar da suka shiga cikinta, suna nan da ransu. In an tabbatar, a cika min sharaɗin da aka karanta a ƙofar dagaci.

Akawun ofishinku na Kazaure ya ce min jami'an za su sake zagayowa kafin damina, kuma da ido za su duba kamar wancan karon. To, na ɗauki darasi. Yau kwana tara ke nan da na daina ba wa lemun tsami huɗu na bakin hanya ruwa, su na zaɓa saboda su ake gani daga cikin mota. Ganyensu ya fara nannaɗewa. Kullum ina wuce su da kura cike da ruwa, ina kawar da kai. A sanina da lemo, in aka kai mako biyu nan gaba, ko an zuba musu kogi ba za su tashi ba. Don Allah ka ce wa mutanenka su hanzarta, su zo su ga asarar da suke nema tun ina iya ceto ta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ma'aikatanka a cikin ramin nan, ni kuma ya wanke min zuciyata game da ɗan'uwana.

Wassalam.

Sabo mai lambu,
daga ƙasar Roni.