Bututun da Na Goge da Man Gyaɗa

Dogarawa, ran Laraba

Zuwa ga Abarshi, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sa ƙasa ƙamshi. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji.

Kwana sha tara ke nan ba ka biyo ta ƙofarmu ba. Kullum ina kai muku abinci tashar dogon ƙarfen tele, mai watsa talabijin, kamar yadda Inna ta saba aikena, sai in tarar ka shige ɗakin injuna. In aje kwano, in juyo. Ƙafata ta gaji, idona ya gaji, har bakina ya gaji da shirun da ya ɗauka.

Ka tuna la'asar ɗin da ka sa tsakuwa tsakanin tafukanka kana kaɗa ta? Ka ce haka ƙwayar lantarki take yi a cikin bututun da ke kai sauti da hoto sama, a wurin da aka zuƙe iska: ta bugi bango ta fizgo biyu, biyun su bugi ɗaya bangon su fizgo huɗu, har wuta ta tashi ta cinye cikinsa. Na ce na gane. Wallahi hannunka nake kallo!

Ya hasken gidanmu na gobe, ga abin da na kasa faɗa. Sabon guntun bututun da ke kan teburinka, na gan shi ya dushe, ba ya ƙyalli. Kana sama kana ɗaure waya. Na goge shi da toka da tsamiya ciki da waje, na shafe shi da man gyaɗa yadda nake yi wa tasoshin Inna, na mayar cikin ledarsa. So nake ka gani ka yi murna. Ina ni ina sanin maiƙo abincin wutar nan ne? Wa ya koya mana haka a lakwal, makarantar boko?

Baba Ayuba mai gadi ya ce bututun ya ƙone bayan ka ɗaura shi, injiniyan da ya zo daga Yamai ya sami maiƙo a cikinsa, tele ta mutu daga Konni har Illela kwana uku, kuma ran Litinin za a sallame ka saboda sakaci. Kai da kake wanke hannu sau biyu kafin ka taɓa ƙusa!

Ni da ba na iya ɗaga ido gaban baƙo, ran Asabar zan tsaya gaban shef ɗinku, shugaban tashar, in faɗi komai. Kada ka hana ni. Na fi son ka riƙe aikinka kana fushi da ni, da ka rasa shi kana yi mini murmushi.

In ka yafe, Allah ya saka maka. In ba ka yafe ba, ba zan so wani ba, ko gero ya daina tsiro a Dogarawa.

Taka har a rufe ni da ƙasa,
Tsahara