Muryar da Garba ya ara wa fim

Unguwar Malaz, ƙasa mai tsarki, daren Alhamis, Rajab 1405

Da na sani ban je ɗakin Garba ba. Ya samo kaset ɗin bidiyo, muka saki labule muka kunna. Tsohon fim ne fari da baƙi, baki na motsi amma ba magana. Sai da muka gaji da dukan talabijin muka gane haka aka yi shi.

Wani talaka ne ya tafi nema, ya yi arziki dare ɗaya, ya dawo da mota, ya tarar da budurwarsa riƙe da ɗan wani. Garba ya ce shi zai yi musu magana. Ya maƙale murya kamar mace, ya kama sunana: "Haba Sani, shekara ɗaya ka ce. In jira ka har furfura?"

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi. Bai san budurwata Hajara ta tare a gidan wani tun watan jiya ba, ban gaya wa kowa ba.

Sarƙar gwal da na saya mata tana ƙasan akwati, fasfona yana hannun kafil, Balaraben da nake wa aiki. Na cikin fim ma ya fi ni. Shi ko ba komai ya je ya gan ta.