Randar Malam Hashimu

Batsari, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara da duk mutanen Safana. Yaya ƙafar taki, ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Tunda aka ɗauke sabis ɗin waya na rasa wanda zan amayar wa abin da ke cikina, shi ya sa na ba Mamman direba wannan takarda ya kawo miki.

Yaya, mijin nan nawa Baban Rahma ya samo sabon hauka. Kin san gyaran waya yake yi, to aikin ya tsaya cak, sai ya shiga Katsina ya kwaso tarkacen kwamfuta na kwance, wai zai haɗa na'urar buga gem, irin wasan ƙwallon nan da ake yi a gilashin talabijin. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ashe da kayana za a haɗa ta! Adakata ta ƙarfe wadda Baba ya saya mini, ya zazzage zannuwana a kan gado ya huda ta wuri huɗu da ƙusa da guduma, ita ce gidan na'urar. Rariyar tankaɗena ya yanke ya liƙa a bakin hudar. Fankar da nake kunna wa Rahma ya cire mata kai. Har ƙaramar tukunyar miyata ya kai wa maƙeri aka narkar, aka zubo masa wani dunƙulen ƙarfe, wai shi ne mai shanye zafin na'urar. Da na yi magana sai ya ce ban san kimiyya ba.

Ya girka abin a ɗan shagon nan na jikin zaure, ya jona da sola. Tun hantsi har la'asar ƙarti masu gemu suna cike da shagon, ana ihun an ci an ci. Idan sun watse ni ke shara. Ɓawon gyaɗa, tukar rake, majina a jikin bango, ga warin zufa kamar an rufe awaki a ciki. Tir!

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya hana ni sukuni shi ne randa. Kin san randar nan ta ƙofar gidanmu, wadda surukata Inna Turai ta kafa tun rasuwar mijinta Malam Hashimu, don mai wucewa ya sha ladan ya je masa. Shekara shida ni ke cika ta kowace safiya, kuma duk layin nan an san babu ruwa mai sanyin nata. To yau mako biyu ke nan ruwan ya lalace. Kafin azahar ya yi ɗumi, ga yauƙi, ga wani ƙarni kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa. Na wanke ta sau uku, na sake rijiya, na jefa saiwar jema don ƙamshi, duk a banza. Shekaranjiya wani tsoho mai dawowa daga gona ya kurɓa ya furzar, ya ce Allah wadaran matar gidan nan. A kunnena, Yaya.

Yanzu mata sun fara tsegumi wai na zama ƙazama. Ni Zuwairatu, da idan za a yi suna a unguwar nan ni ake kira in dama kunu saboda tsabtar hannuna. Wallahi abin yana ci mini rai. Idan kin san wani abu da ake yi wa randa ki aiko mini.

Ki gaishe da yara, ki ce wa maigidan ina gaisuwa.

Ƙanwarki,
Zuwairatu

Batsari, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da kukar da daddawa, Allah ya bar zumunci. Kin ce in turara randar da hayaƙi. Ki bar shi kawai, Yaya, ba ciwon hayaƙi ba ne.

Tayyib, ɗan maƙwabciyata Naja'atu, mai shekara biyar, ya sha ruwan ranar Alhamis ɗin makon jiya. Amai da gudawa suka kama shi har idonsa ya faɗa, sai da ya kwana biyu a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Allah ya sa ya tashi. Da aka sallamo su ubansa ya zo ƙofar gida ya yi sallama da Baban Rahma. Ina bayan ƙyauren zaure ina ji. Wallahi da kunnena na ji mijina yana cewa sha'anin mata sai haƙuri, ya yi faɗa har ya gaji amma ba na wanke randar, zai ɗauki mataki. Da yamma na dama kunu na aika wa yaron. Kwanon ya dawo yadda na aika shi, ko murfin ba a ɗaga ba.

Washegari na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. Randar babba ce, rabinta a binne cikin yashi, jingine da bangon shago, hannuna ba ya kai gindinta. Na kwashe ruwan tas, na kunna fitilar waya na leƙa. Sai ga wasu abubuwa biyu sirara sun leƙo daga can ƙasa ta bayanta, kore shar, suna ɗigar yauƙi. Na ɗauka tsutsa ce, har na ja da baya. Na tone yashin kaɗan, sai na ga roba ce guda biyu, ta huda randar ta shige bango ta nufi shago.

Na shiga shagon na bi ta da ido har cikin adakata. Yaya, robar ƙarin ruwa ce, irin ta asibiti, tsofaffi, an jojjona su da gam. A gaɓa ɗaya har da baƙin abu a daskare, ban yi shakka ba jinin wani ne. Akwai wani ɗan famfo da ke zuƙo ruwan randa, ya ratsa ta kan dunƙulen ƙarfen nan mai zafi, ya koma cikin randa. Haka yake zagayawa wuni zungur. Shi bayin Allah ke sha da bisimilla. Ni ma na sha, Rahma ma ta sha. Ban kai tsakar gida ba na durƙusa na yi ta kwara amai har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Da ya shigo na tare shi. Ko kunya babu a fuskarsa. Wai randa ce kaɗai abin da ke riƙe sanyi a garin nan, in babu ita na'urar za ta ƙone. Wai a bolar bayan wani kemis ya tsinto robar amma ai ya ɗauraye ta da sabulu. Wai ruwa ai ruwa ne, fita yake ya dawo, ba a rage ko moɗa ɗaya ba. Na ce to ƙaryar da ka yi mini a gaban uban Tayyib fa? Ya ce me nake so ya faɗa, ya tona wa kansa asiri a cikin maza? In yi haƙuri su gama gasar da suka shirya, zai cire.

Ba na iya cin tuwo idan yana zaune kusa. Hannunsa nake kallo, ina tuna robar nan. Gobe zan sami Inna, tunda sadakar mijinta ce ake wulaƙantawa.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Zuwairatu

Batsari, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali baki ɗaya.

Na sami Inna a ɗakinta na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce ta sani. Tun makon farko ta gan shi yana huda bango. Ta ce yaro ne, zai gaji ya bari, kuma sunan namiji idan ya ɓaci ba ya gyaruwa, amma maganar mata kwana nawa ce. Wai in rufa wa mijina asiri, Allah zai ba ni lada. Na ce Inna, yaron mutane fa ya kusa mutuwa. Ta ce ai bai mutu ba, in je in cika randa kada mutane su ga babu ruwa su yi zargi. Matar da nake wanke wa kaya, nake tsefe wa kai, shekara shida. Na tashi na je na cika.

Jiya Juma'a, da aka sauko daga masallaci layinmu ya cika da mutane, su kuma 'yan gasa sun cika shago. Na zura hijabi na fito. Na durƙusa a bayan randa na tone yashin da hannuna, na kama robar na fizga da duk ƙarfina. Ta taho zararo, mai tsawo, tana zubar da koren yauƙi, ruwa ya ɓalle ta hudar ya malale ƙofar gida. Na ɗaga ta sama na ce jama'a ku gani, ga abin da kuke sha, ba hannuna ba ne. Cikin shago na'urar ta yi wani ƙugi ta mutu, suka firfito.

Kowa ya zuba wa robar ido. Na ce a raina yau gaskiya ta fito. Sai wani mai babbar riga ya karɓi robar ya jujjuya ta, ya dubi mijina da ya fito daga shago ya ce kai Sharhabilu, ashe da ruwan randa kake sanyaya kwamfuta? Wani ya ce wallahi yaron nan injiniya ne, a Batsari ake ɓarnar basira. Suka ɗunguma cikin shago kallon famfo. Har uban Tayyib, Yaya, har shi, yana leƙen adaka yana tambaya ko za a iya yi wa injin ban ruwansa irin wannan dabara. Mijina kuwa sai washe baki yake yana nuna musu da yatsa. Aka bar ni tsaye cikin caɓi, hannuna duk yauƙi. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta jiya ba. Sau biyar na wanke hannu da toka.

Inna ta ce na tsiraita ɗanta a bakin titi, in tafi gida sai an neme ni. Shi kuwa yana can yana neman wata robar. Gobe in Allah ya kai mu zan biyo motar Mamman ni da Rahma, ki share mana ɗan wuri. Ban sani ba ko za su aiko, kuma in gaya miki gaskiya ban damu su aiko ba.

Yau da hantsi ina haɗa kaya sai na ji sallama. Naja'atu ce, riƙe da hannun Tayyib, ya rame sai ido. Ashe tana leƙe ta katanga jiya, ta ga komai. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta ma ɗauko maganar ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce Maman Rahma, ƙishi muke ji, ba mu ruwa. Na ɗebo a tulun ɗakina na miƙa mata, na juya kai don kada in ga tana dubawa. Ba ta duba ba. Ta kafa kai ta sha rabi, ta riƙe wa yaron moɗar a baki ya shanye sauran. Duk kwanakin nan ban yi kuka ba sai a lokacin.

Sai na iso. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Zuwairatu